Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Riƙe da Ragamar Binciken Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Zuwa ga hukumomin da ke ba da kuɗin bincike, da shugabannin sassan jami'o'i, da editocin mujallun da ke buga bincike kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

Ranku ya daɗe, assalamu alaikum.

Na daɗe ina juya wannan magana a raina. Abin da ya zaunar da ni na rubuta ta shi ne wata gayyata da ta iso mini, ta huɗu ke nan a shekarar nan, ana so in shiga kwamitin ba da shawara na wani bincike a matsayin "wadda ta taɓa fama da ciwon". Takardar ta yi kyau, akwai ladabi a cikinta, har da alkawarin kuɗin mota da ɗan hasafi. Sai dai sashen da ya aiko ta shi ne wanda na nemi aikin bincike a cikinsa watanni kaɗan kafin nan, aka ce mini an samu wanda ya fi ni dacewa. Ni ɗin ce dai, karatun nan ne, ciwon nan ne. Ranar da na je neman albashi ciwon aibi ne da ya kamata in ɓoye. Ranar da suka tashi cika sharaɗin masu ba da kuɗi kuwa, shi ne abin da ya sa aka tuna da ni.

Ina da digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam, kuma na kwashe shekaru ina aikin kwantiragi, daga wannan bincike in faɗa wancan. Ina kuma ɗauke da ciwon da likitoci ke kira bipolar, wanda yakan ɗaga mutum ya yi kwanaki idonsa biyu, sannan ya kayar da shi har tashi daga gado ya gagare shi. Sau biyu ana kwantar da ni a asibiti. A kusan duk inda na yi aiki, in an shiga ɗakin taro ni kaɗai ce mai irin launin fatata da irin sunana, in an yi yawa mu biyu. Ban sa sunan nawa a ƙasan wasiƙar nan ba, domin kwantiragina na gab da ƙarewa, kuma wasu daga cikinku ne za su karanta takardar neman aikina ta gaba.

Bari in ba ku labarin waccan ganawar neman aiki. Mutum uku ne a gabana. Ta tsakiyar tana bin takardar tarihin karatuna da biro, layi bayan layi, har ta zo inda shekara biyu suka ɓace, sai biron ya tsaya. Ta ɗago ta ce, "Me kika yi a nan?" Na ce larurar gida ce. Ta gyaɗa kai, muka wuce. Ƙarya na yi mata. A shekara biyun nan na koyi yadda ake barci daga farko kamar jaririya. Na koyi shan lithium, da zuwa a ɗebi jinina a kai a kai don a ga ko maganin ya yi yawa a jikina, da riƙe kofin ruwa da hannu biyu a gaban mutane saboda rawar da hannuna ke yi. Na san dalilin da ke sa mutum ya ajiye maganin da ya san yana yi masa amfani, domin ni ma na taɓa ajiyewa. To, aikin da nake nema a ranar bincike ne a kan me ke sa marasa lafiya daina shan magani. Abin da na fi kowa sani a ɗakin shi ne abin da na fi ƙoƙarin binnewa.

Wannan giɓi ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma ku kun fi kowa sanin haka, tunda a mujallunku aka buga. Babban binciken nan da Ronald Kessler da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2005 ya nuna rabin larurorin ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin ya wuce 24. Shekarun da ake zana jarrabawa ke nan, ake neman gurbin jami'a, ake fita da sakamakon da zai bi mutum har tsufansa. Sai ga shi ma'aunin da kuke ɗaukar mutane da shi yana neman wanda bai taɓa tuntuɓe ba: karatu a jere, takardu a jere, tallafin matasan masu bincike sai wanda bai wuce shekara kaza da gama digirin digirgir ba. Kun kafa rariya mai tace ainihin mutanen da kuke cewa kuna nema, sannan ku taru kuna mamakin ina suka shiga.

Wasunsu ma suna nan cikinku, sun dai yi shiru. Marsha Linehan, wadda ta ƙirƙiro hanyar jinyar nan ta DBT da ake amfani da ita a faɗin duniya ga masu yawan yunƙurin kashe kansu, an kwantar da ita a wani asibitin ƙwaƙwalwa a Amurka a 1961 tana da shekara 17, ta yi wata 26 a can. Ba ta faɗa wa duniya ba sai a 2011, tana da shekara 68, bayan ta zama farfesar da babu mai iya taɓa kujerarta. Shekara hamsin ta yi tana riƙe da maganar. Ana yawan kawo labarinta don a ƙarfafa mana gwiwa, ni kuwa duk sanda na ji shi gabana yake faɗuwa. In mace Baturiya mai wannan suna ta ga gara ta jira rabin ƙarni, me kuke so ƙaramar ma'aikaciyar kwantiragi ta yi, wadda tun kafin ta buɗe baki ake yi mata kallon baƙuwa? Akwai wanda takardar izinin zamansa a ƙasa tana rataye da aikin nan. Akwai wadda in maganar ta fita, har ƙannenta sai an yi wa gori. Tona asirin kai ba farashi ɗaya yake da shi ga kowa ba.

Ba zan hana ku yabon da kuka cancanta ba. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa, wadda ta haɗa da masu larurar ƙwaƙwalwa mai daɗewa, ta kuma ɗora wa gwamnatoci nauyin tuntuɓarsu a kan dokoki da manufofin da suka shafe su. Gidauniyar Wellcome, mai ba da kuɗin binciken lafiya, tana da nata mashawartan da suka ɗanɗana ciwon, kuma tana tambayar masu neman kuɗinta yadda za su sa irinsu a cikin aiki. Kwamitin da mujallar Lancet ta kafa kan tsangwama, wanda ya fitar da rahotonsa a 2022, ɗaya daga cikin shugabanninsa biyu ita ce Charlene Sunkel ta Afirka ta Kudu, wadda ke rayuwa da ciwon sikizofireniya, wanda kan sa mutum ya ji ko ya ga abin da babu shi. Shekara talatin da suka wuce ko a mafarki ba a ga haka ba.

Amma da sharaɗi ya zo, sai sana'ar cika sharaɗi ta biyo shi. Na zauna a irin waɗannan kwamitoci, na san yadda suke. Kafin a kira mu an gama rubuta tsarin binciken, kwamitin ɗa'a ya sa hannu, an buga takardun tambayoyi. Abin da ya rage mana shi ne mu ce ko rubutun takardar sanarwa ya yi ƙanana, ko hoton bangon yana da ban tsoro. A wani zama wani dattijo ya ɗaga hannu ya tambaya me ya sa ake auna nasarar magani da raguwar maki a takardar alamomin ciwo kawai, alhali shi abin da ya dame shi ko zai iya komawa bakin aikinsa, ko 'ya'yansa za su daina tsoron shiga ɗakinsa. Shugaban binciken ya ce tambaya ce mai kyau ƙwarai, sai dai an riga an rufe wannan babi. Aka ɗauke mu hoto. Da takardar ta fito bayan shekara biyu, mun samu layi ɗaya a can ƙasa wajen godiya, ba suna. Da can zakarun gwajin dafi ne mu, yanzu an ƙara mana girma mun zama 'yan amshin shata.

Ga kuwa abin da ke faruwa in aka bar mai ciwo ya riƙe alƙalamin da kansa. A 2001 aka buɗe wani sashe mai suna SURE a Cibiyar Nazarin Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta King's College da ke Landan, inda masu binciken su kansu sun yi jinyar ƙwaƙwalwa. A 2003 Diana Rose da abokan aikinta suka fitar da nazari a mujallar BMJ kan ra'ayin marasa lafiya game da jinyar nan da ake jona wa ƙwaƙwalwa lantarki. Suka gano binciken da likitoci suka gudanar ya fi nuna gamsuwa a kan wanda marasa lafiya suka yi ko aka yi tare da su. Dalilin kuma yana cikin yadda aka yi tambayar: in likitan da ya yi maka aikin ne ya tambaye ka, a cikin asibitinsa, jim kaɗan bayan an gama, da 'yan gajerun tambayoyi, to "na ji sauƙi" za ka ce. Suka kuma nuna aƙalla kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiya suna kukan mantuwa mai ɗorewa. Duk rahotannin nan suna ajiye tun da daɗewa, kowa na iya karantawa. Wanda ya taɓa kwanciya a gadon asibiti yana jiran a sallame shi ne ya san me ke sa mutum ya yi wa likita murmushi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na san abin da wasunku ke faɗa in mun fita daga ɗaki. Wai wanda abin ya shafa ba zai iya yin adalci ba, son zuciya zai shiga aikinsa. To, mu duba tarihin waɗanda abin bai shafa ba. A 1851 wani likita a Amurka, Samuel Cartwright, ya ƙirƙiro wata cuta ya raɗa mata suna drapetomania, ya ce ita ce ke sa bayi guduwa daga iyayengijinsu. Bayan shekara ɗari, J. C. Carothers, likitan ƙwaƙwalwa na mulkin mallaka a Kenya, ya kamanta tunanin lafiyayyen ɗan Afirka da na Baturen da aka yi wa tiyata aka yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwarsa, ya kuma ce ciwon damuwa bai cika kama 'yan Afirka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ce da kanta ta buga masa littafi a 1953. Waɗannan mutane ba wanda ya zarge su da son zuciya a zamaninsu, masana ake kiransu. Sai da irin su Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Nijeriya, suka shigo fagen kafin labari ya fara sauyawa. A 1954 ya fara tsarin Aro a Abeokuta, inda marar lafiya ke zama a ƙauye tare da ɗan'uwansa yana zuwa asibiti da rana, ana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. Ya ƙaryata masu ra'ayin Carothers da hujja, daga baya ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban hukumar nan da ta buga wa Carothers littafi, daga 1973 zuwa 1988. Kowane mai bincike daga wani wuri yake kallon duniya. Maganin son zuciya shi ne tsayayyen tsarin aiki da kuma idanu da yawa masu kallo daga kusurwa daban-daban, kuma wannan tsarin mu ma mun koye shi a aji ɗaya da ku.

Kar a ce wannan tsohon zance ne. A 2011 Donna Ginther da abokan aikinta suka nuna a mujallar Science cewa baƙaƙen fata masu neman babban tallafin bincike na NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, damarsu ta gaza ta fararen fata da maki 10 cikin 100, ko bayan an daidaita matakin karatu da yawan takardun da mutum ya buga da jami'ar da yake aiki. Wani nazarin na 2019 ya gano kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan tazara ya samo asali ne daga batun da mutum ya zaɓa, domin baƙaƙen masu bincike sun fi karkata ga aiki a cikin al'umma da tambayar me ya sa ciwo ya fi cin wasu a kan wasu, irin batutuwan da ba su cika samun kuɗi ba. Alƙaluman na fannin lafiya ne baki ɗaya, amma namu fannin ba a wata duniyar yake ba. A Ingila, baƙar fata ya ninka farar fata fiye da sau uku wajen yiwuwar a tsare shi a asibitin ƙwaƙwalwa ba da son ransa ba, yayin da baƙaƙen farfesoshi a jami'o'in Birtaniya kusan kashi 1 ne kacal cikin 100. A ɗakin da ake kulle mutum mun cika, a ɗakin da ake yanke wace tambaya za a bincika ba mu. A shekarar 2021 manyan ƙungiyoyin Amurka biyu, ta likitocin ƙwaƙwalwa da ta masana halayyar ɗan Adam, kowacce ta nemi afuwa kan rawar da ta taka a wariyar launin fata. Afuwa ta yi kyau. Jerin sunayen waɗanda aka ɗauka aiki bayan nan shi ne abin da nake son gani.

Malamai editoci, ku ma da ku nake. A 2001 Vikram Patel da Athula Sumathipala suka ƙirga takardun manyan mujallun fannin guda shida, suka tarar kashi 6 cikin 100 ne kawai suka fito daga yankunan da fiye da kashi 90 na mutanen duniya ke zaune. An taɓa ba ni aikin mayar da wata takardar auna ciwon damuwa zuwa harshen iyayena, aka ba ni mako ɗaya, ba a sa sunana a ko'ina ba. Na ce musu tambaya ta biyu in an fassara ta yadda take, ba wanda zai amsa da gaskiya, domin mutanen da zan tambaya da ciwon kai da nauyin ƙirji da rashin barci suke bayyana abin. Aka ce ma'aunin an riga an tabbatar da ingancinsa, in fassara kawai. An tabbatar da shi a kan wa? A Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya gina shirin Friendship Bench a kan kalmar da mutanen wurin ke amfani da ita, kufungisisa, wato yawan tunani, ya horar da dattijai mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron mutane. Gwajin da aka buga a mujallar JAMA a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Da ya bi umarnin "fassara kawai", da babu bencin.

Akwai gaskiyar da ba ta yi mini daɗi, amma zan faɗe ta. Ciwo ba digiri ba ne. Kwanciyata a asibiti ba ta koya mini lissafin ƙididdiga ba, malamai ne suka koya mini. Kuma ba na wakiltar kowa. Ni mai karatu ce, ina iya magana da yaren taro, shi ya sa ake yawan gayyatata. Wanda ya yi shekara goma a ɗaure, ko matar da ba ta jin harshen da ake taron da shi, ko wanda har yanzu yake jin muryoyi, su ba a kiransu, domin ba su da sauƙin sha'ani. Kwamitocinku sun cika da masu ciwo waɗanda suka fi kama da ku. In an samu ɗan tsiraru ɗaya a sashe kuma, shi za a ɗora wa kowane kwamitin daidaito da kowane hoton talla, ya ƙare shekara bai rubuta takarda ko ɗaya ba, sannan a ce ba ya ƙoƙari.

Abin da nake roƙo ba ya fi ƙarfinku. Kuɗin da kuke kashewa kan kwamitocin shawara, ku ware wani kaso ku buɗe guraben karatun digirin digirgir da na aiki mai albashi ga mutanen da suka ɗanɗana ciwon, musamman daga al'ummomin da ba a ganinsu a sassanku, da hanyar ƙarin girma irin ta kowa. Agogon nan na "shekara kaza bayan digiri" ya riƙa tsayawa saboda jinya kamar yadda yake tsayawa saboda haihuwa. Wasunku sun rubuta haka a dokokinsu, amma sai mutum ya zayyana ciwonsa dalla-dalla ga wanda zai ba shi maki, wannan kuwa ba sauƙi aka yi masa ba. Wani ofis na daban ya karɓi takardar likita, masu tantancewa su ga an amince kawai. In mai tallafi ya kwanta wata uku, a ƙara masa wata uku, kar a ce aikin ya mutu.

Ku kira mu tun ana tunanin tambayar, kafin a rufe babi. Wanda ya yi aikin da ya kai a sa suna, a sa sunansa a sama tare da sauran marubuta. Ku sa mu cikin masu tantance takardun neman kuɗi da ƙuri'a cikakkiya. Sannan ku buga alƙaluma duk shekara: su wa suka nema, su wa suka samu, nawa suka samu, su wa suka bar aikin a hanya. Ku da kuke ce mana sai da hujja, bai kamata ƙirga kanku ya gagare ku ba.

Ita kuwa gayyatar da na faɗa muku da farko, na ba su amsa jiya. Na gode musu, na ce ba zan samu zuwa ba. Na haɗa musu da takardar tarihin karatuna, wannan karon na cike shekara biyun nan da abin da ya faru a cikinsu, na kuma tambaya ko gurbin mataimakin mai bincike da na gani a kasafin aikin har yanzu ba a ba kowa ba. Ina jiran amsa.

Ku huta lafiya.

Taku,
wata mai bincike a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa